Sasari Ba Ya Goge Abin da Ƙwaƙwalwa Ta Riƙe

A ƙasar Kazaure, idan yaro ya lalace da ƙwaya, shawarar da dangi suka fi saurin yankewa ita ce a kai shi wani wuri a kulle, wata uku ko shida, wai har abin ya fita daga jininsa. A Roni na taso ina jin haka, kuma ban zargi niyyar iyaye ba. Lissafin ne bai fita ba. Ƙwaya kan bar jini cikin 'yan kwanaki. Abin da ke saura yana cikin ƙwaƙwalwa, wurin da mutum ke ajiye abin da ya taɓa ji wa daɗi, kuma ɓerayen ɗakin gwaje-gwaje sun daɗe da nuna hakan.

A shekarar 2001, Jeffrey Grimm da Yavin Shaham da abokan aikinsu a birnin Baltimore na Amurka sun koya wa ɓeraye danna wani ƙarfe da ke tura musu hodar iblis cikin jijiya. Duk dannawa sai wata fitila ta haska, wani sauti ya tashi. Daga nan aka yanke musu hodar gaba ɗaya. Wasu aka mayar da su akwatin gwajin bayan kwana ɗaya, wasu bayan mako, wasu sai bayan kwana 60. Babu hoda a ciki, fitilar ce kawai da sautin. Kowa zai zaci wanda ya fi daɗewa shi zai fi mantawa. Akasin haka aka gani: ɓeran da ya yi wata biyu bai ɗanɗana ba shi ya fi haukacewa wajen danna ƙarfen. Kwaɗayin ƙaruwa ya yi a lokacin da yake tsare.

To, mai karatu, ɗauki wannan ka auna da yaron da aka sako daga gidan mari. An dawo da shi unguwar da ya bari, majalisar tana nan, abokin da ke miƙo masa yana nan, lungun bayan tasha bai gusa ba. Waɗannan su ne fitilarsa da sautinsa. Ɗan wani maƙwabcinmu haka ya dawo, ya yi ƙiba, ya yi fes, ana ta barka. Kafin sallah ta zagayo ya koma ruwa. Aka ce ba ya jin magana, wasu suka ce asiri ne. Ni dai na ga abin da aka gani a akwatin ɓera.

Wani zai ce ina ruwan Roni da hodar iblis, kayan masu kuɗin Legas da Abuja? Gaskiya ne, namu bala'in tiramol ne da kodin da wiwi da sholisho. A 2017 an faɗa a Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalabar kodin kusan miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, a Mayun 2018 kuma gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan wani fim ɗin bincike na BBC. Amma an maimaita gwajin ɓerayen nan da tabar sigari da giya da dangin kodin masu ƙarfi, kwaɗayin ya riƙa hauhawa haka nan. Hanyar da ƙwaƙwalwa ke bi ɗaya ce.

Har yau babu wani magani da aka amince da shi wanda ke cire jarabar hodar iblis. Duk wanda ya ce yana da shi a kwalba, kuɗinka yake nema. Abin da ya fi ba ni fata shi ne aikin Lin Lu da tawagarsa a Jami'ar Peking ta ƙasar Sin a 2012. Sun gano cewa idan aka ɗan tuna wa ɓera da ƙwayar, sannan bayan minti 10 aka yi ta nuna masa alamominta ba tare da ya samu komai ba, tunanin kan yi rauni. Idan aka jira awa 6, dabarar ba ta ci. Suka gwada a kan mutanen da suka daina shan ƙwaya a asibiti, aka ga sauƙin ya kai wata shida. Ashe ana iya gyara tunanin, sai dai aikin ƙwararru ne, da tsari da lokaci. Bulala ba ta cikin lissafin.

Akwai kuma binciken Marco Venniro na 2018. An ba ɓeran da ya riga ya kamu zaɓi: ƙarfe ɗaya na ba shi ƙwaya, ɗayan na buɗe ƙofa ya haɗu da ɗan'uwansa ɓera. Kusan kullum ƙofar yake zaɓa. Na san ɓera ba mutum ba ne, ba shi da bashi, ba a hana shi aure. Duk da haka abin ya isa ya sa mu kunya, mu da idan yaro ya dawo sai a daina cin abinci da shi, a hana ƙannensa zama kusa da shi, a bi shi da sunan ɗan ƙwaya har masallaci. Mun rufe masa ƙofa mun bar masa ƙarfe ɗaya tak.

A Oktoban 2019 'yan sanda sun fito da mutane da dama daga wani gidan mari a Daura, nan maƙwabtanmu, wasu da sasari a ƙafa da tabon duka. Alhali ga asibitin masu taɓin hankali a Kazaure, ga na Dawanau a Kano. Iyayen Roni da Gwiwa da Babura, ku fara da likita, musamman ga mai shan tiramol, domin yanke shi farat ɗaya na iya jigata shi. In ya dawo, ku sauya masa wurin zama ko da gidan kawunsa ne, ku haɗa shi da ogan sana'a ko gonar rani, ku fi sa masa ido a wata na biyu da na uku. Gwamnatin Jigawa kuma ta sa ma'aikatan da za su riƙa bibiyar waɗanda aka sallama har gida, don a nan ne muke rasa su.