Shayi da burodi zalla: yadda tsadar ƙwai ta sauya karin kumallonmu a Kudu

Duk mai zama a teburin mai shayi a Agege, ko Mile 12, ko Sabon Ibadan, ya ga sauyin. Da "a soya min biyu" ake cewa. Yanzu kuwa sai ka ji "Malam, shayi da burodi kawai, a ƙara suga." Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kayan abinci suka tashi, har hauhawar farashinsu ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Ƙwai da wake na cikin abubuwan da talaka ya fara haƙura da su.

To, abin da aka cire ɗin shi ne birki. Burodin Agege farar fulawa ce, nan da nan ciki ke narkar da ita ta koma suga a jini. Ga na cikin kofi, ga na Milo. Ƙwai, ƙosai, alale ko gyaɗa suna sa abinci ya jima a ciki, sugan ya shiga jini a hankali. Idan babu su, sai ya yi tashin gwauron zabo, jiki ya kwararo sinadarin insulin, ya sake faɗowa. Shi ya sa ɗan dako ko mai kabu-kabu zai karya da safe, kafin hantsi ya dubi ludayi kasala da yunwa sun dawo. Koko mai suga ma haka yake idan babu ƙosai a gefe.

Gwamnati ta sa harajin naira 10 kan kowace litar lemon kwalba a dokar kuɗi ta 2021. Amma wannan haraji bai san cokalin mai shayi ba, alhali nan ne namu sugan yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce wajen ƙaramin cokali 12 a yini, shida ma ya fi. Wani a kofi ɗaya yake cinye rabi.

Ba sai an ƙara kuɗi ba. A rage girman burodin, canjin a sayi ƙosai ko waken da matan Yarbawa ke sayarwa a bakin titi, a fara cin su kafin burodin. A rage suga kaɗan-kaɗan, harshe zai saba. Mai zaman shago ya taka na minti 10 zuwa 15 bayan ya ci, don tsoka na zuƙe suga.

Mai yawan ƙishirwa da fitsarin dare kuwa, ya je asibiti ko kyamis a auna shi. Awa biyu bayan cin abinci, na mai lafiya bai cika wuce 140 ba. Idan kafin a karya an ga 126 ko sama, kuma aka maimaita aka sake gani, maganar likita ce. Wanda ke kan magani kada ya ajiye shi don ya koma cin ƙosai.