Hanci Ba Alƙalin Ɗumame Ba Ne

A yawancin gidajenmu, idan abinci ya kwana, hanci ake kira ya yanke hukunci. A buɗe tukunya a sansana. In ba a ji tsami ba, sai a ɗumama a raba wa yara. A ganina wannan alƙali makaho ne, kuma ya kamata malaman kimiyya su shaida wa ɗalibai haka ƙarara.

Ƙwayoyin bakteriya masu sa abinci tsami da yauƙi daban suke da masu kwantar da mutum. Waɗannan na biyun galibi ba sa taɓa ƙamshi ko ɗanɗano. Ta hanyar rabewa gida biyu suke hayayyafa, kuma in sun sami laima da ɗumi, wasunsu kan rabu duk bayan minti 20. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya lissafa: ƙwaya ɗaya tak za ta haura miliyan 2 cikin awa 7. Tsakanin isha'i da asuba ma ya fi haka tsawo.

Mu ɗauki shinkafa. Akwai wata ƙwaya mai suna Bacillus cereus da ke zaune a ƙasa, tana biyo hatsi tun daga gona. Takan dunƙule cikin ɓawo mai tauri wanda tafasa ba ta fasa shi. Da shinkafa ta huce aka bar ta a tukunya, sai ta farfaɗo, ta yaɗu, ta zuba dafi. Ɗumame zai kashe ƙwayar, amma dafin yana nan daram, kafin awa 6 amai ya taso. Ita kuwa Salmonella ta ɗanyen ƙwai da naman kaza takan ɗauki kwana ɗaya ko fiye kafin zazzaɓi da gudawa su bayyana. Shi ya sa akan ɗora laifi a kan abin da aka ci daga baya, wani lokacin har a zargi maƙwabta da sammu.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓataccen abinci na kashe mutum 420,000 a shekara, 125,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Na san za a ce zubar da abinci almubazzaranci ne, wutar lantarki kuma ba ta zama balle a dogara da firji. Gaskiya ne. To, tun wajen awo ya kamata a yi tsimin: a dafa shinkafa daidai cikin mutanen gida. Mai firji kuwa ya sa ragowar kafin ta yi awa 2 a waje.