GIDAN MAKOKI DA RAMIN GISHIRI A YINI GUDA

Makon nan tafiya za mu yi zuwa ƙasar Polan, can tsakiyar Turai, maƙwabciyar Jamus ta wajen gabas. A kudancin ƙasar akwai wani tsohon birni mai suna Krakow, inda sarakunansu suka zauna a da. Duk baƙon da ya sauka birnin nan sai 'yan jagora su yi masa tallan wata tafiya ta yini guda. Mota ta kan ɗauki mutum tun da asuba, a kai shi Auschwitz, inda Jamusawa suka hallaka mutane fiye da miliyan ɗaya, da la'asar kuma a shiga da shi ramin gishiri na Wieliczka, wanda su ke faɗi kamar Biyelicka. Ana yin awa goma sha ɗaya ko sha biyu kafin a komo masauki. Na yi tafiyar nan a cikin hutun makaranta, kuma tun da ya ke 'ya'yanmu da ƙannenmu suna zuwa karatu Turai, wata a cikinku tana iya samun kanta a motar nan. Wadda ba za ta je ba kuwa, akwai rabonta a cikin labarin.

Mu a nan abin da muka fi ji game da yaƙin Hitila shi ne labarin kakanninmu sojoji da aka kai Bama. To, ga wani gefe na yaƙin. Jamus ta faɗa wa Polan ran 1 ga Satumba, 1939. A 1940 suka mai da wani barikin sojan Polan na garin Oswiecim gidan sarƙa, garin da su ke kira Auschwitz da bakinsu. Fursunonin farko mutanen Polan ne su 728, an kawo su ran 14 ga Yuni, 1940. Da wurin ya yi musu kaɗan, sai a ƙarshen 1941 suka soma gina wani babba, Birkenau, kilomita 3 daga na farin. Masana sun lissafa an kai mutum kamar miliyan 1.3, wajen miliyan 1.1 ba su fito ba. Kusan miliyan ɗaya daga cikin matattun Yahudawa ne. Sauran akwai mutanen Polan wajen 70,000, da 'yan ƙabilar Roma wajen 21,000, da sojojin Rasha da aka kama a yaƙi wajen 15,000. Yaran da aka kai sun kai 232,000. Sojan Rasha suka iso ran 27 ga Janairu, 1945, suka tarad da mutum kamar 7,000 da sauran numfashi.

Lissafi irin wannan ya fi ƙarfin kai. Sai an shiga ɗakunan tukuna jiki ya kan yi sanyi. Bayan kin wuce ƙofar ƙarfen da aka rubuta wa da Jamusanci wai aiki ke 'yantad da mutum, jagora zai bi da ku gini gini, kowa da abin saurare a kunne don kada a ɗaga murya. Ga akwatunan tafiya tsibi guda, kowanne da sunan mai shi a rubuce, don an ce musu sabon wurin zama za a kai su. Ga tukwane da kwanoni da butoci. Ku duba fa, mace an ba ta ɗan lokaci kaɗan ta haɗa kaya, sai ta ɗauki tukunya, domin a zatonta gobe za ta dafa wa yara abinci. Wace ce a cikinmu ba haka za ta yi ba? Ga takalman yara dubbai, waɗansu ba su fi tafin hannuna ba. Sa'an nan ga ɗakin gashi. Aske kan matan a ke yi, a ɗura gashin a buhu a sayar wa masaƙu na Jamus. Da Rashawa suka zo sun sami wajen tan 7 ba a kwashe ba, kuma kamar tan 2 na nan a bayan gilashi, har da kitso wanda ba a tsefe ba. An hana ɗaukar hoto a ɗakin nan, kuma hanin ya yi daidai.

A Birkenau ba ka ganin iyakar waya mai ƙaya. Hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ƙofa ta shiga har tsakiyar fili. An ja ta zuwa ciki a 1944, shekarar da aka kwaso Yahudawan ƙasar Hangari fiye da 400,000 cikin wata biyu. A bakin jirgi likitan soja ke tsayawa yana rarrabewa da hannu, wannan ya yi nan, wancan ya yi can. Mai ƙarfi a ajiye shi don aiki, a tsaga masa lamba a hannu. Tsoho da yaro da mace mai goyo kuwa, a ce musu su tuɓe za su yi wanka, a rufe ƙofa, a zuba wata guba mai suna Zyklon B, wadda asalinta maganin ƙwari ce. Uwa da ɗanta tare su ke tafiya. Da Jamusawa suka ga Rashawa sun matso, sai suka fasa ɗakunan nan da nakiya don ɓoye shaida. Kufansu na nan har yau.

Tun da ya ke filin nan namu ne, bari in gaya muku labarin waɗansu mata. Akwai ungozoma 'yar Polan, Stanislawa Leszczynska, wadda aka kawo a 1943. Dokar wurin ita ce a kashe jariri da zarar ya faɗo. Ta ce ita ba ta yi. A bisa lissafin da ta bayar bayan yaƙi ta karɓi haihuwa wajen 3,000 a kan dandamalin bulo, ba magani, ba tsumman kirki. Kaɗan ƙwarai daga jariran suka rayu, gama yunwa da sanyi da hannun waɗansu sun ɗauke su, amma nata hannun bai taɓa ko ɗaya ba. Ta rayu har 1974. Akwai kuma 'yan mata Yahudawa waɗanda suka riƙa sato albarushi kaɗan kaɗan daga ma'aikatar makamai, suna ɓoyewa cikin tufafi, ana miƙa wa mazan da aka tilasta wa aikin ƙona gawa. Ran 7 ga Oktoba, 1944, mazan suka yi bore, ɗaya daga cikin gidajen ƙonawa ya ci wuta. Aka kama mata huɗu, cikinsu har da Roza Robota, aka azabtad da su, ba su tona sauran ba. Aka rataye su a Janairu, 1945, saura mako uku ceto ya iso.

Amma fa kada mu yi saurin cewa mugunta ta maza ce. Shugabar sashen mata na Birkenau mace ce, Maria Mandl, kuma kotun Polan ta yanke mata kisa, aka zartar a 1948. Shi kuwa babban kwamandan, Rudolf Hoess, gidansa na jikin katangar sansanin, a nan ya zauna da matarsa da 'ya'yansu biyar. Uwargida na da lambun furanni, yara na wasa a tsakar gida, hayaƙi na tashi a bayan katanga. Shi an rataye shi a 1947 a cikin sansanin. Ita ce ta fi tsaya mini a rai. Tana da ido, tana da hanci, tana kuma da gida mai daɗi wanda ba ta so ta rasa.

To, daga nan sai a ce ku hau mota, a ba ku ɗan abin taɓawa, a nufi gishiri.

Gaskiya ramin Wieliczka abin kallo ne. Yana kamar kilomita 14 daga Krakow. Tun ƙarni na 13 a ke haƙar gishiri a cikinsa, ba a daina haƙa don sayarwa ba sai 1996. Zurfinsa mita 327 ne, hawa tara, hanyoyin da ke ciki in an miƙe su sun wuce kilomita 240, baƙo kuwa bai fi kilomita uku da rabi ya ke gani ba. Da fari za ki sauka matakala 380 ta katako, kafin a gama kin taka wajen 800, kin kai zurfin mita 135. Gishirin toka-toka ne kamar dutse, sai kin lasa bango za ki yarda. Wadda ta san darajar kantun Bilma a wurin kakanninmu ba za ta yi mamaki ba in an ce mata a zamanin sarkinsu Kazimir Babba, a ƙarni na 14, gishiri ke kawo wajen sulusin kuɗin baitulmali. Aikin kuwa na sai da rai ne. Akwai waɗanda sana'arsu ita ce su yi rarrafe da doguwar sanda mai wuta a baki, su ƙone muguwar iskar da ta taru a rufi tun ba ta fashe da jama'a ba. Dawakai ma sun yi aiki a ciki, na ƙarshe sai a 2002 aka fitar da shi.

Abin da ya fi jan baƙi shi ne majami'ar Kinga, mita 101 a ƙarƙashin ƙasa, tsawonta ya wuce mita 50. Daɓenta gishiri, zanen bango gishiri, har duwatsun adon fitilu gishiri. Mahaƙa uku suka sassaƙa ta, 'yan'uwa biyu masu suna Markowski da wani Antoni Wyrodek, daga 1896 har 1963. Ita Kinga 'yar sarkin Hangari ce da aka aurar wa wani basarake na Polan. Tatsuniyarsu ta ce da za a haɗa mata gara, sai ta ce ita gishiri ta ke so, don ƙasar mijinta ba su da shi. Ta jefa zobenta a ramin gishirin ubanta, da ta iso ta ce a haƙa, aka ciro dunƙulen gishiri da zoben a ciki. Tatsuniya ce, amma amaryar ta san abin da gida ke bukata. Hukumar UNESCO ta sa ramin cikin jerin farko na kayan tarihin duniya a 1978, ta sa Auschwitz a 1979.

Yanzu ga tambayar da na ke so mu auna: ya dace a haɗa biyun a yini guda? Masu motoci suna da hujjarsu. Baƙo kwana biyu ko uku gare shi, kuɗinsa ƙidayayye ne, wurare biyun kuma su ne sanannu. Ban ga laifin mai neman abinci ba. Amma ni a ganina taura biyu ba ta taunuwa. Auschwitz na yamma, kamar kilomita 70, gishiri na kudu maso gabas, ga lokacin shiga a ƙayyade, saboda haka jagora kullum idonsa na kan agogo. Wurin da ya kan sha gaggawa kuwa Birkenau ne, inda aka yi mafi yawan kisan, inda ya kamata mutum ya tsaya shiru. Mu da muka san ladabin gaisuwar mutuwa, wa ya kan fito gidan makoki ya zarce gidan biki da mayafi ɗaya? Na ga waɗanda suka yi kuka da hantsi suna lasar bango suna dariya da la'asar. Ba mugaye ba ne, an dai hana zukatansu lokaci ne. Har ma da yawa sun fito ba su ji cewa ramin kansa yaƙin ya taɓa shi ba. A 1944 Jamusawa sun kawo fursunoni Yahudawa don su kafa ma'aikatar kayan jirgin sama a ƙarƙashin ƙasa, Rashawa suka matso kafin a soma ƙira.

Saboda haka ga shawarata. In kina da kwana biyu, ki raba su. In yini ɗaya gare ki, ki zaɓi motar da ke fara zuwa Auschwitz, ki tambaya tun kafin ki biya awa nawa za a yi a can, gama zagayen da gidan tarihin ya tsara awa uku da rabi ne, kada ki yarda da ƙasa da haka. Ki riƙe fasfo, don takardar shiga da sunanki a ke rubuta ta. Jaka ƙarama, takalmi marar tsini, da rigar sanyi saboda cikin rami. Mai ciki da mai ciwon gwiwa su yi tunanin matakalan nan. Masu gidan tarihin ba su ba da shawarar a kai yaron da bai kai shekara 14 ba. Hoto kuwa, in za ki ɗauka, ki ɗauki wurin, ki cire fuskarki da murmushinki daga ciki.

Ku kuma da ke gida, ga rabonku. Abin nan bai fara da guba ba. Hitila ya hau mulki a 1933. A 1935 aka yi dokar hana aure tsakanin Bajamushe da Bayahude. A 1938 aka kori 'ya'yan Yahudawa daga makarantun gwamnati. Ni malama ce, kowace safiya ina kiran suna, kuma na san a kowane aji na Jamus da aka yi korar nan akwai wanda ya buɗe rajista ya tsallake sunan yaro, ya ci gaba da darasi. Yaran da suka rage kuwa sun riga sun ji a gida cewa wancan ba irinsu ba ne. A ajina akwai 'ya'yan ƙabilu dabam dabam, kuma in yaro ya jefi ɗan'uwansa da mummunan suna na ƙabila, ban taɓa bincikawa na tarar shi ya ƙago shi ba. Daga bakin murhu ya ɗauko, wurin hirar manya. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Makon nan kowace ta kasa kunne ta ji irin sunan da a ke kiran maƙwabta da shi a tsakar gidanta, in ta ji wanda ba ta so a kira ɗanta da shi, ta tsawata nan take, ko daga bakin babba ya fito.

Wadda ke da abin cewa ta rubuto, filin na kowa ne. Sai mako mai zuwa, in muna da rai.