Gidan kwamfuta a Yawunde: a duba raga kafin a duba gilashi

Tambayar wannan makon ta zo ne daga wani bawan Allah da ke harkar shanu a karar Etoudi, iyalinsa kuma suna zaune a Briqueterie. Zai haɗa wa ɗansa kwamfutar tebur, wadda yaron zai riƙa zana surfanin keken ɗinki da ita, ya kuma riƙe wa mahaifinsa lissafin bashi. An daidaita a kan kayan ciki, saura akwatin da za a zuba su. Yaro ya ga wani a Avenue Kennedy, gilashi gaba da gefe, fitilu kala-kala, ya ce shi fa sai wannan. Alhaji yana tambaya: a biye masa?

Alhaji, kada a biye masa. Wannan akwatin kyan ɗan maciji ne da shi.

Mu fara da irin ƙurar da muke fama da ita, domin ba ɗaya take da ta gida ba. Wanda ya taso a Kano ko Maraɗi ya san ƙurar hunturu: busasshiya ce, ka hura ta tashi. Ta Yawunde jar ƙasa ce, tana tashi daga Disamba zuwa Fabrairu, ta ɗan sake leƙowa a Yuli da Agusta, sauran watanni kuma ruwa ne da laima. Ƙurar da ta shige cikin inji a rani, idan damina ta sauka sai ta sha danshi ta dunƙule. A Briqueterie kuma tana da abokan tafiya biyu. Da la'asar ta yi, tukubar masu soya ta kama, hayaƙi mai maiƙo ya cika layi. Ga teloli da masu shadda ko'ina, burbushin zare yana yawo a iska. Maiƙo ya riƙe ƙura, zare ya saƙa ta, sai ka buɗe kwamfutar da ta shekara a shago ka tarar da wani abu kamar bargo ya toshe haƙoran ƙarfen da ke sanyaya ƙwaƙwalwarta.

Daga nan matsala take farawa. Ƙwaƙwalwar kwamfuta idan zafinta ya kai wajen digiri 95 zuwa 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, in abin ya ci gaba ta ɗauke. Mai ita zai ce ta tsufa, ko "virus" ya shiga, a kai wa mai gyara, a sake mata Windows, bayan sati ta koma gidan jiya. A irin wannan sake-saken ne lissafin bashin shekara yake salwanta.

Wani abu guda yana taimakonmu. Yawunde tana kan tudu, kimanin mita 750 sama da teku, zafinta bai kama ƙafar na Garwa ko Marwa ba, inda watan Afrilu kan haura digiri 40. Kowace raga da aka sa a bakin iska tana rage ƙarfin iskar, wannan ba makawa. Amma a nan muna da sararin da za mu zaɓi raga mai ƙananan idanu ba tare da injin ya galabaita ba. Ɗan'uwan da ke arewa shi ne zai ƙara yawan fanka don ya rama abin da ragar ta ci.

To me za a duba a shago? Gaban akwati tukuna. Ya zama ƙarfe ne mai huda-huda kamar rariya, bayansa kuma akwai ragar tace ƙura. Mai gilashi ko roba a gaba yana shaƙar iska ne ta 'yan tsagu a gefe, fankokinsa suna ta juyi suna haske amma kaɗan suke jawowa. Gilashin gefe shi ba ya hana iska, idan yaro ya nace a bar masa wannan, a raba gardama. Sai dai mai sayowa daga Dubai ko Guangzhou ya tuna akwatin zai bi jirgin ruwa zuwa Duwala, ya hau mota zuwa nan, gilashi kuwa ba a yi masa faci.

Sannan ka ce wa mai shago ya cire ragar a gabanka. A wurina wannan gwajin ya fi duk wani bayani da ke jikin kwali. Idan sai ya nemo sukundireba, ko sai ya ɓamɓare fuskar akwatin da ƙarfi wayoyi suna biyo ta, ka ajiye. Ragar da cire ta wahala ne ba za a wanke ta ba, mun san halinmu, ragar da ta toshe kuma gara babu ita. Wadda ake so ita ce mai zamewa kamar aljihun tebur, ko mai maganaɗisu da ake ɗagawa da yatsa biyu. A leƙa ƙasan akwatin ma: a yawancin na zamani tukunyar wuta, wadda masu gyara a nan ke kira alimentation, a ƙasa take, fankarta tana zuƙo iska daga dab da daɓe. Dole ita ma ta sami ragarta, kuma an fi son wadda ake zarowa ta gaba, don kada sai an janye tebur daga bango.

Sai maganar fanka, inda mutane da yawa ke yin abin a juye. Ana ganin kamar yawan fankokin da ke fitar da zafi shi ne sanyi. Idan masu fitarwa suka fi masu shigarwa ƙarfi, akwatin zai nemi cikon iska ta kowace ƙofa: tsagun baya, ramin USB, gefen murfi, duk wuraren da babu raga. Ka sayi raga, ƙura ta bi ta taga. Abin da ake so shi ne iskar da ke shiga ta ɗan rinjayi mai fita, ta yadda tsagun nan za su zama mafita. Biyu a gaba suna shigarwa ta bayan raga, ɗaya a baya tana fitarwa, ya wadatar da kwamfutar shago ko ta gida. Girman fanka milimita 120 ne ko 140. Idan akwatin yana ɗaukar 140 a ɗauke ta, tana tura iska mai yawa a hankali, ba ta cika kunne da ƙara. Bayan an haɗa, a yagi 'yar takarda marar nauyi a kara a tsagun baya. In ta manne, akwatin yana zuƙar ƙura ta nan, a gyara.

Ga mai son suna, Corsair 4000D Airflow da Meshify C na Fractal Design duk suna da raga gaba, sama da ƙasa. Kowannensu da fanka biyu yake zuwa, ɗaya gaba ɗaya baya, saboda haka a sayi ta uku a ƙara a gaba. Ba lallai sai su ba. Akwai na China marasa suna da suka bi wannan tsarin, kuma suna aiki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tukunyar wutar da ake haɗowa kyauta cikin akwati mai araha. A wurin da wuta ke rawa, a sayi tukunya mai kyau daban, a haɗa da onduleur. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Kafin a biya, a auna. Babban allon kwamfuta na ATX milimita 305 ne a 244, ƙaninsa micro-ATX 244 a 244. Babban akwati yana ɗaukar ƙaramin allo, ƙarami ba ya ɗaukar babba. A tambayi tsawon katin hoto da tsayin abin sanyaya ƙwaƙwalwa, kada murfi ya ƙi rufuwa.

Na san da yawa daga masu karatu ba haɗawa suke yi ba, okaziyo suke saye: Dell OptiPlex, HP ko Lenovo da ofisoshin Turai suka sallama. Waɗannan galibi allonsu da mahaɗin wutarsu na kamfanin ne kaɗai, ba sa zama cikin wani akwati sai da dabara mai tsada. A bar su a gidansu, a yanko ragar maganaɗisu daidai bakin da iska ke shiga a manna. In ba a samu ba, safar mata ta nailan, falle ɗaya a miƙe, tana tare ƙura. Gidan sauro idanunsa sun yi faɗi, zare kawai zai kama. Wadda ta fito daga Amurka kuma a duba bayanta kafin a jona: wasu tsofaffi suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutarmu 220 ce, in yana kan 115 ƙara ɗaya za a ji.

Sauran aikin na gida ne. Kada a ajiye ta a ƙasa, nan shara ke tashi, a ɗora a tebur ko benci, a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango. Hajiya, kyallen adon nan da ake lulluɓa wa talabijin, a rufe ta da shi bayan an kashe, ba tana aiki ba, kuma kada a kulle ta cikin kabad. A rani a zare raga duk sati biyu, a shagon da ke kusa da tukuba ko keken ɗinki duk Juma'a. Karkaɗewa ba ta fitar da maiƙo, sai ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a shanya ta bushe ƙarau kafin a mayar. Cikin akwatin kuma a hure shi sau biyu a shekara, ɗaya daga ciki a ƙarshen Fabrairu kafin ruwan Maris ya jiƙa abin da ya taru. A zare waya daga soket, a fita da ita tsakar gida, a danne fanka da yatsa lokacin da ake hurawa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima.