Aron suna: shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma

Duk wanda ya ratsa garin Madawa a kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Birnin Ƙwanni ta nufi Maraɗi, zai ga alluna masu launi iri-iri sun yi jere a bakin kwalta: gidajen mai, wuraren aika kuɗi, rumfunan kuɗin waya, tashoshin motocin sufuri. Haka abin yake a Buza da Keita da Tamaske, kowane gari gwargwadon girmansa. Sunan da ke bisa allon na wani babban kamfani ne mai mazauni a Yamai, ko ma a ƙetare. Wasu ƙofofin rassan kamfanin ne na kansa. Amma da yawa daga cikinsu, in ka bincika, za ka tarar mai wurin ɗan gari ne da ya zuba jarinsa, ya sa hannu a yarjejeniya, aka ba shi izinin yin ciniki da sunan da ba nasa ba. Wannan shi ne abin da Faransawa ke kira «franchise», da danginsa irin su hayar riƙon gidan mai da wakilcin kamfani. Mu a wannan fili za mu kira shi aron suna.

Abin da ya sa na ɗauko maganar a wannan mako, wani abu ne da na gani da idona a farkon daminar da ta wuce, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, kowa ya zuba ido ga ƴan ci-rani. Ina zaune a wani wurin aika kuɗi, a ɗaya daga cikin garuruwan nan namu, sai ga wata tsohuwa ta shigo da ƴar takarda ƙulle a bakin zane. Ɗanta ne da ke Abijan ya aiko mata jika 20. Ta matsa gaban tagar ta ce: «Ɗana, an ce saƙona ya iso.» Yaron da ke riƙe da kes bai ko ɗaga kai daga wayarsa ba, ya ce: «Babu rezo, ki dawo gobe.» Ta koma gefe ta zauna a ƙasa, domin ba ta san inda za ta nufa ba. Ba a jima ba wani alhaji ya tsaida motarsa a ƙofa, nan take rezo ya dawo, aka ƙirga masa kuɗinsa har da rakiya. Na ce da ita: «Inna, daga ina kika fito?» Ta faɗi sunan ƙauyensu, ta ce jika guda ta biya ɗan kabu-kabu, kuma wannan ne zuwanta na biyu. Sai da muka sa baki aka sallame ta. Da za ta fita ba ta ambaci yaron ba, tunda ba ta san sunansa ba. Sunan da ke bisa allon ta kira, ta ce za ta gaya wa ɗanta kada ya sake aiko mata ta wurinsu.

Mai karatu, ka dubi asarar da aka yi a cikin minti kaɗan. Kamfani ya kashe miliyoyi wajen talla a rediyo da fentin gine-gine, mai wuri ya zuba jarinsa, amma yaro guda ya kori abokiyar ciniki, ya kori ɗanta, watakila har da abokan ɗanta da suke kwana ɗaki guda a can bakin teku. Wake ɗaya ke ɓata gari. Allo yakan jawo mutum ya shigo sau ɗaya. Wanda ke bayan taga shi ke sa ya dawo ko ya yi rantsuwa.

Shaida a kan haka tana gabanmu. Kamfanin waya na Celtel ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Orange ya sayar da reshensa na Nijar a 2019, daga baya aka raɗa masa suna Zamani. Fenti ya sake, riguna sun sake, amma mutanen unguwa ba su fasa zuwa rumfar wanda suka amince da shi ba. Ashe abin da suke bi tun farko mutum ne.

Kada a ɗauka aron suna baƙon abu ne a ƙasar Hausa. A zamanin gyaɗa, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suna ba ƴan kasuwar Maraɗi kuɗi da haja, su shiga ƙauyuka su yi saye a madadinsu, kafin a kafa SONARA a 1962. Su kuma alhazan suna da barorinsu: uban gida ya ba baransa kaya da sunansa, ya tura shi wata kasuwa, inda ake ba shi bashi da masauki saboda darajar wanda ya aiko shi. Wani mai bincike Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya bayyana wannan tsari a littafinsa kan alhazan Maraɗi da ya fito a 1986, inda ya nuna cewa arzikin mutane shi ne tushen arzikin kuɗi. Sai dai tsarin yana da sharaɗi ta fuska biyu. Bara yana riƙe amana, uban gida kuwa yana ciyar da shi, ya yi masa aure, ya koya masa ciniki, in lokaci ya yi ya ba shi jari ya tsaya da ƙafafunsa.

Turawa ma da suka ƙawata abin da takardu, a kan horo suka gina shi. Ray Kroc ya buɗe gidan abincinsa na farko da sunan McDonald's kusa da birnin Shikago na Amurka a 1955. A 1961 kamfanin ya kafa makarantar koyar da masu riƙon gidajensa, tun daga yadda ake gaida mai saye har zuwa yadda ake share ƙasa. Yanzu gidajen sun haura dubu 40 a duniya, kuma mafi yawansu ba kamfanin ke tafiyar da su ba, masu aron suna ne. A Faransa, dokar 31 ga Disamba 1989 ta tilasta wa mai ba da suna ya miƙa wa mai karɓa cikakken bayani a rubuce, kwana 20 kafin a sa hannu.

To mu ina muka tsaya? A ganina mun ɗauki rabi a nan, rabi a can, kuma rabin mai sauƙi muka zaɓa. Daga tsarin iyayenmu mun riƙe ikon uban gida, mun yar da nauyin da ke kansa. Daga tsarin Turawa mun karɓi allo da riga, mun bar horo da bin ƙa'ida. Gyaran yana wurare uku.

Na farko shi ne jagoranci. Sau nawa ka tambayi mai wuri aka ce maka yana Yamai, ko yana Kano, sai ƙarshen wata yake kira ya ji abin da aka samu? Wanda bai san wurinsa ba sai ta bakin lissafi, ba zai taɓa jin labarin tsohuwar nan ba, domin ba a rubuta wanda ya yi fushi ya tafi a cikin littafin kes. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in yana kwana a ciki. Jagora na gari ya san kalandar yankinsa: ya san lokacin da albasar kwarin Tarka da ta Sabon Gida ke fitowa, manyan motoci su yi layi, buƙatar gazuwal da tsabar kuɗi ta ninka, ya san ƙarshen wata na ma'aikata, ya san jajibirin salla da farkon damina, lokacin da saƙon ƴan ci-rani ke kwararowa daga Kodebuwa, Najeriya da Libiya. Kes ɗin da ya ƙare da hantsi a ranar kasuwa ba laifin yaro ba ne, laifin wanda bai yi tanadi ba ne. Kuma yara kwaikwayo suke yi. In mai gida yana tsallake layi da abokansa, kada ya yi mamaki in rezo ya koyi bambanta talaka da mai mota.

Na biyu shi ne ɗaukar ma'aikata. Mun san yadda ake yi: ɗan wa, ƙanen mata, ɗan aminin mahaifi. Ba na cewa a kori dangi. Zumunci ibada ne, kuma akwai ƴan uwa masu riƙon amana fiye da bare. Tambayar da ya kamata ɗan kasuwa ya yi wa kansa guda ce: in wannan yaro ya yi laifi, ina iya tsawata masa, ko kuwa sai an tara dangi? Wanda ba ka iya sallama, kada ka ba shi makullin kes. Ka taimake shi ta wata hanya. Garuruwanmu cike suke da samari da ƴan mata masu takardar BEPC, har da masu bakaloriya, suna zaman jira. A gwada su a kan lissafi, a gwada haƙurinsu, a sa su kusa da tsohon hannu na ƴan makonni kafin a bar su su kaɗai. A tuna kuma da waɗanda ake yi wa aikin. A yankin Galma da Azarori da kewayen Keita akwai masu jin Tamajak, a wajen Bangi akwai Fulani. Ma'aikacin da zai gaida su da harshensu ya fi tallar rediyo. Tunda kuwa da yawa daga masu karɓar saƙo matan ƴan ci-rani ne da iyayensu mata, mace a bayan taga riba ce.

Sai maganar albashi, wadda ba a son a taɓo. Dokar aiki ta 25 ga Satumba 2012 ba ta ware mai aron suna ba, kuma rajistar ma'aikaci a CNSS wajibi ce. A shekarar 2012 ɗin an tsaida mafi ƙanƙantar albashi a kan sefa 30.047, wato jika 30 da ɗoriya. Kowane mai wuri ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah: yaron da miliyoyi ke ratsa hannunsa daga safe zuwa dare, ko wannan tsohon adadi yana samu? Sata haramun ce, babu mai wanke ta. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya bar ma'aikacinsa da yunwa a gaban tulin kuɗi, shi ya tsaga bangon da ƙadangare ya shiga.

Na uku shi ne tarbar mai saye, kuma ita ce mafi araha. Ba ta bukatar na'urar sanyaya ɗaki. Benci a inuwa, randar ruwa, amsa sallama, bin layi ba tare da duban riga ba. A rubuta kuɗin aikawa a bango da manyan lambobi, a karanta wa wanda bai yi lakwal ba. A ba da resi ko ba a tambaya ba. A gidan mai, a nuna wa mai babur cewa lambar famfo ta koma sifiri kafin a fara zuba masa. In rezo ya ɗauke da gaske, a faɗi gaskiya, a karɓi lambar mutum a kira shi in ya dawo, maimakon a sa shi biyan kabu-kabu sau biyu. Madawa ta yi suna a ƙasar nan wajen saƙar tabarma. Bai kamata a ce mu ne za a tuna wa cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma ba.

Su ma kamfanonin da ke ba da sunansu suna da nasu kaso. Bai isa a aiko da fenti da riguna a zauna jiran riba ba. La'adar da ake bar wa wakili, in ta yi ƙanƙanta, daga albashin yara da haƙƙin mai saye ake cike giɓin. A 2015 babban bankin BCEAO ya fitar da ƙa'idoji a kan kuɗin waya da kuma a kan masu aika kuɗi a madadin wasu, inda aka bayyana cewa mai ba da wakilci bai kuɓuta daga alhakin abin da wakilinsa ya yi wa jama'a ba. Haka nan dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar da Nijar ta sa hannu a kafa ta a 1993, wadda aka sabunta a 2010, ta ce mai hayar riƙon wuri ɗan kasuwa ne mai rajistar kansa, kuma a buga sanarwar yarjejeniyar cikin kwana 15. Kafin a buga, mai asalin wurin yana tarayya da shi a bashin da ya ci. Saboda haka ɗan kasuwa ya nemi wanda zai fassara masa takarda layi-layi kafin ya dangwala hannu: wa zai horar da yara, wa zai gyara famfo, nawa ne la'ada, yaya ake rabuwa. Ku kuma ƴan uwa ma'aikatan gwamnati, masu binciken aiki da masu duba awo, zagayenku kada ya tsaya a Tawa. Buza da Keita ma ƙasa ce.

Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara. Sunan kamfani riga ce da aka ara maka. Ana iya karɓe ta, ana iya sake mata launi gobe. Abin da zai rage maka a gari shi ne sunanka da na mahaifinka, da abin da tsofaffi irin waccan inna za su faɗa a kanka in sun koma ƙauye.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.