Wanda Aka Yi Wa "Mute" Ba a Rufe Masa Baki Ba

Kalmar Turanci "mute" ta shigo bakin Hausawa ta ƙofar waya da rimot, har ana jin "na yi masa miyut" a majalisa. Tushenta "mutus" ne na Latin, wato bebe, kuma da can mai magana take siffantawa. A tsohuwar shari'ar Ingila, idan wanda ake tuhuma ya yi gum, ya ƙi amsa laifi ya kuma ƙi musantawa, sai a ce ya tsaya "mute", a ɗora masa nauyi a ƙirji har ya buɗe baki ko rai ya yi halinsa. Sai a 1772 aka soke wannan azaba. Shirun na wanda ake tuhuma ne, shi ya zaɓa.

Yau kalmar ta sauya ubangida. A Twitter, wanda ya kawo madanninta a 2014, mai sauraro ne ke riƙe da ita. Idan ka yi wa zauren WhatsApp miyut, mai magana yana nan yana zuba, kowa na karanta shi, wayarka ce kawai ta daina ƙara, shi kuwa bai ma sani ba. Saboda haka masu fassara ta da "rufe baki" suna ɗora wa mai waya laifin da bai aikata ba. Rufe baki aikin mai iko ne, irin gwamnatin da ta garƙame gidan rediyo. Miyut kuwa toshe kunne ne, kuma Bahaushe bai taɓa haɗa su ba (toshiyar baki kuma wata magana ce, ta aljihu).

Wani zai ce ai a Zoom shugaban taro yana kashe muryar mahalarta, kuma a muhawarar 'yan takarar shugabancin Amurka da aka yi a Nashville ranar 22 ga Oktoban 2020 an riƙa kashe makirufon Trump idan Biden ya fara amsa tambaya. Gaskiya ne, a nan madannin yana hannun mai iko. Amma an sanar da ƙa'idar tun kafin zama, an kashe na Biden shi ma, kowa ya samu mintinsa biyu. Wannan rabon magana ne. Sai ranar da mai madanni ya kashe murya ɗaya ya bar sauran, sannan rufe baki ya tabbata.

Editoci da masu fassarar labarai, kafin ku zaɓi kalma ku duba hannun da madannin yake ciki.