Salula ta ƙi kama radiyon mota? Tsaya tukuna, malam shofer

Ran nan na shiga motar haya daga Maradi za ni Damagaram. Ba mu kai Tasawa ba shofer ya fara kokawa da salularsa, wai ta ƙi kama radiyo ta Bluetooth. Hannu ɗaya bisa sitiyari, ɗaya na latse-latse, ido kuwa ba ya kan gudron. Sai da wata dattijuwa daga baya ta ce, "Ɗana, ko ka aje wayar nan ko ka aje ni," sannan ya hankalta. Aka yi dariya, amma ni ban ga abin dariya ba.

Ku lissafa da ni. Motar da ke gudun kilomita 90 cikin awa, kowane sakan tana cin mita 25. In ka sadda kai sakan 4 kawai, ka yi mita 100 ido rufe. A hanyar da jaki, amalanke ko yaro ke iya ɓullowa ba sallama, wannan ganganci ne. Shi ya sa ma motoci da yawa ba su yarda a haɗa sabuwar salula in suna tahiya. Mai motar ya ɗauka radiyo ya lalace, alhali injiniyan da ya ƙera ta ne ke kare mashi rai.

Kuma abin haushin, matsalar galibi ƙarama ce. Da farko, Bluetooth babu ruwansa da rezo ko kiredi, ko a tsakiyar daji yana aiki, in dai salula ba ta wuce kamar mita 10 daga radiyon ba. To ka faka, ka bar mota a kunne, ka bi waɗannan.

Duba ko salularka ta riga ta kama ekutar ɗinka da ke aljihu, ko kuma radiyon ya kama wayar yaron mota. In haka ne, kashe wancan. Sannan ka tabbata radiyon yana kan Bluetooth, ba kan FM ko kile ba, kuma ka ɗaga sautin ita salular kanta.

In ya ƙi, goge sunan motar daga salula, ka goge sunan salula daga radiyo, ka kashe su duka ka kunna, ka sake haɗawa kamar yau suka fara saduwa. Lura da wannan: radiyo yana da iyakar wayoyin da yake iya riƙewa. Motocinmu kuwa na hannu ne, sau da yawa sunayen wayoyin Turawan da suka fara hawanta na nan cunkushe ciki. Goge su, wuri ya samu. In ya nemi lambar sirri, tsofaffin radiyo galibi 0000 ne ko 1234.

Akwai kuma wanda kira na shiga lahiya lau amma waƙa ko karatu ba ya fita. Shiga saitin salula ka ga ko an kunna sautin kiɗa ga sunan motar. In an kunna kuma shiru, wataƙila tun asali Bluetooth ɗin motar na kira ne kaɗai, haka aka ƙera tsofaffi da yawa. Nan ba lalacewa ba ce. Igiyar AUX, ko ƴar na'urar nan da ake soka wa ramin kunna taba tana tura sauti ta FM, ta wadatar. Sai dai ka zaɓi lambar da babu tasha kanta.

Gargaɗi ɗaya: kar ka yi saurin cire kan batir don wai radiyo ya farfaɗo. Wasu in wuta ta yanke sai su kulle su nemi lamba, kai kuwa ba a ba ka ita ba ranar da ka sayi motar.

Wani zai ce, ai shofer mai doguwar hanya yana bukatar abin saurare don kar barci ya sace shi. Gaskiya ne, ban musa ba. To a shirya shi tun a tasha, lokacin da ake ɗaurin kaya. In ya katse a hanya, a miƙa wa na kusa ya gyara, ko a haƙura har a tsaya salla.

Ku kuma masu gyaran wutar mota, ku ji tsoron Allah. Abin da goge suna zai gyara cikin minti 5, kar ku sa bawan Allah ya zubar da jikkuna wajen sayen sabon radiyo. Mu fasinja ma mu riƙa magana kamar dattijuwar nan, tunda ranmu ne a cikin motar.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lahiya.